Kafin Ka Saya wa Baba Kwamfutar Gyaran Hoto, Fara Duba Allonta

Da wuya ka shiga gida a Zongon Lome ka rasa ambulan ko akwati cike da tsofaffin hotuna: na suna, na ɗaurin aure, na dawowa daga Makka. Hotunan suna da daraja ta musamman a wannan unguwa, domin a 1977 gwamnati ta rushe tsohon Zongo da ke tsakiyar birni, aka mayar da mutanensa can arewa, yankin Aguwe. Gidaje da lungunan da iyaye suka tashi a cikinsu babu su yanzu sai a takarda da ƙwaƙwalwar dattawa. Saboda haka idan ɗa ko 'ya suka yi niyyar saya wa Baba ko Inna kwamfuta don su tattara hotunan nan su gyara su, sun yi abin kirki. Inda ake yawan kuskurewa shi ne wajen rabon kuɗin. Mai saye ya kan zuba komai a kan ƙarfin injin, ya karɓi duk allon da aka haɗa masa da shi, alhali a aikin hoto allo ne ya kamata ya fara cin kasonsa.

Mai gyaran hoto ba ya ganin hoton kansa, abin da allo ya nuna masa yake gani, kuma a kansa yake yanke hukunci. Idan allon ya cika haske, zai dusashe hoton, ya kai wurin wanki ya fito da duhu. Idan allon yana karkata zuwa shuɗi, zai ƙara ja, fuskar amarya ta fito kamar ta sha rana. Wannan ya fi damun mu masu baƙar fata, domin kamannin fuskarmu a cikin launuka masu duhu yake, kuma nan ne allo maras kyau yake dunƙule komai ya zama baƙi ɗaya. Haka ma shadda mai ruwan bula da zanen atamfa. Akwai ma'aunin launi da ake kira sRGB, wanda kamfanonin HP da Microsoft suka fitar a 1996, kuma shi ne wayoyi da intanet da yawancin injinan wanke hoto suke bi. Allon da ya dace shi ne wanda ke nuna kusan dukan launukan wannan ma'auni, kashi 99 ko 100 cikin ɗari. Yawancin kwamfutocin cinya masu arha ba sa wuce kashi 60 da 'yan kai. A kuma nemi allo samfurin IPS, wanda launinsa ba ya sauyawa idan an kalle shi ta gefe, saɓanin samfurin TN. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a gidan da jikoki za su kewaye kakansu ana tambayar wane ne wannan, wace ce waccan.

Sai maganar ido. Daga shekara 40 zuwa sama ganin abu na kusa yana raguwa, kuma dattijon da aka ba ƙaramin allo mai inci 14 zai yi mako biyu yana runtse ido, daga nan ya lulluɓe na'urar da ƙyalle ya manta da ita. Allo mai inci 24 da ɗigo 1920 sau 1080 ya wadatar, mai inci 27 da ɗigo 2560 sau 1440 ya fi daɗi ga wanda ke da hali. Allon da ba ya ƙyalli ya fi dacewa da ɗakin da hasken rana ke shigowa ta taga.

Wani zai ce ai allo mai kyau a kan inji mai nawa wahala ce. Gaskiya ne, amma injin da ake bukata bai kai yadda masu shago ke kuranta shi ba. Gyaran hoto ba haɗa fim ba ne. RAM mai giga 16 da ma'ajiya samfurin SSD sun ishi wannan aiki, kuma kwamfutar ofis ta gwanjo, irin waɗanda ke sauka ta tashar jiragen ruwa ta Lome su bazu a shagunan Dekon, za ta iya ɗaukarsa. Abu ɗaya ne ba za a yi sakaci da shi ba: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 ba ta karɓar yawancin injinan Intel da suka girmi zubi na 8. Wanda ya sayi abin da ya gaza haka don araha, ya sayi abin da kwanansa ya ƙare. Manhaja ma ba dole sai Photoshop ba, wadda tun 2013 kamfanin Adobe ya mayar da ita ta biyan kuɗin haya. GIMP kyauta ce, kuma tana goge tabo, tana farfaɗo da launin da ya koɗe.

Hujjar masu son kwamfutar cinya ta fi ƙarfi, domin idan kamfanin CEET ya ɗauke wuta batirinta zai riƙe aikin. Amsar ita ce a haɗa biyun: a sayi ta cinya mai matsakaicin kuɗi, a jona mata babban allo mai kyau. Wanda ya zaɓi ta tebur kuma ya sa kuɗin UPS, na'urar da ke riƙe wuta idan an ɗauke, cikin lissafi tun farko. Masu cewa waya ta isa kuwa, ta isa a tura hoton Sallah a WhatsApp. Ba ta isa a ɗinke hoton da ya yage ba, ko a cire tabon danshi daga fuskar da ba ta kai girman farce ba. Wannan aiki sai an kwafi hoton da sikana a kan ɗigo 600 a kowane inci, an buɗe shi da girma. Kuma tunda iskar bakin teku tana cin takarda, tana cin na'ura, a raba ajiya gida biyu: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a wata ma'ajiya dabam a hannun wani ɗan'uwa.

Ranar ciniki a tafi da wanda za a saya wa, da tabaransa, da wasu hotunan gida a filashi, musamman wanda aka riga aka wanke a takarda don a gwada su kafaɗa da kafaɗa. A sa mai shago ya kunna allon, a cika shi da fari sannan da baƙi don a ga ko akwai mataccen ɗigo ko wurin da haske ke tsiyaya. A duba madannai ma, domin wanda ya yi karatu da Faransanci ya saba da jerin AZERTY, wanda ya yi a Ghana ko Najeriya kuma QWERTY ya sani. Idan mai shago ya ƙi a gwada kaya kafin biya, a yi masa sallama a wuce shago na gaba.