Uwargida, Kin Binciki Dukiyar Mai Neman 'Yarki?

Uwargida, idan kin karanta littafin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991 aka kuma yi fim ɗinsa a 1994, ba za ki manta da Sumayya ba. Tana son Muhammad, ɗan talakawa, sai Abdulƙadir mai kuɗi ya biyo ta hannun manya da kyaututtuka. Da aka matsa mata, ta faɗa rijiya, sai dai Allah Ya yi da sauran kwananta a gaba.

A Amurka ma akwai irin wannan labari. A 1925 F. Scott Fitzgerald ya wallafa The Great Gatsby, wanda aka yi fim ɗinsa a 1974 da kuma 2013. Gatsby soja ne marar abin hannu, yana son wata budurwa Daisy. Kafin ya dawo daga yaƙi ta auri attajiri. Da ya dawo sai ya shiga fataucin giya ta ɓoye, a lokacin da dokar ƙasar ta haramta sayar da ita, ya tara dukiya, ya sayi katafaren gida daura da nata, wai ko za ta dawo masa. Ba ta dawo ba. Ƙarshe harbe shi aka yi, mutanen da suka riƙa cika gidansa suna shagali kuwa ko jana'izarsa ba su halarta ba.

To 'yar'uwa, mu dawo gida. Duk wadda ke zaune a Daddara, kan hanyar Katsina zuwa Jibiya da Maraɗi, ta san kuɗin bakin iyaka iri biyu ne: akwai na fatauci na halal, akwai na fasa-ƙwauri. Rufe iyakar da aka yi daga 2019 zuwa ƙarshen 2020 ya nuna mana yadda kasuwa kan juya dare ɗaya.

Don haka kafin akwatunan lefe su rufe miki ido, ki sa maigida ya binciki sana'ar yaron da addininsa da halinsa. Ki kuma keɓe da 'yarki ki ji ta bakinta, domin shari'a ta ce a nemi yardarta. Kada talaucin yaron kirki ya sa ki kore shi, har ki tura shi neman haram. Hausawa dai sun ce hali zanen dutse ne, dukiya kuwa inuwar gajimare.

Allah Ya haɗa 'ya'yanmu da mazaje nagari, amin.