Kwalli da hoda: mun gwada, mun kwatanta, ga abin da muka gano



A shirinmu na mata na makon jiya, wata baiwar Allah ta bugo mana waya daga wani ƙauye na yankin Gidan Rumji. Ta ce: "Tun ranar da anka yi suna, uwar mijina kullum sai ta sa ma jinjirina kwalli. Ƙanwata da ke Faransa kuma ta ce in hana, wai guba ne. Ni wa zan bi?" Kafin mu rufe shirin, saƙonni sun yi ta shigowa, wasu kan kwalli, wasu kan hodar da za a saya wa amare tunda lokacin bukukuwa ya matso. Na yi alkawarin zan bincika. To ga cikon alkawari.

Ni da abokan aikina mata biyu muka shiga babbar kasuwar Maraɗi, muka sayo kwalli iri uku da hoda iri uku. Muka yi kwana shida muna gwadawa. Kowace safiya sai mu shafa da ƙarfe takwas, mu fita aiki a kan kabu-kabu, cikin rana da ƙura, sannan mu dubi madubi da azahar, mu sake dubawa da la'asar. Kowa da farin hankicinta, don ganin abin da ya zubo.

Kwallin ido

Na farko shi ne kwallin dutse, wanda muka gada kaka da kakanni: baƙin dutse mai nauyi, mai ƙyalli, a niƙa shi a zuba a tandu. Na biyu garin kwalli ne na ƴar kwalba, irin wanda ake kawowa tsaraba daga Makka ko daga Indiya da Pakistan. Na uku kuwa kireyon ne na kanti, wanda wasu ke kira gazal.

Maganar gaskiya, wajen kyau kwallin dutse ya yi zarra. Yana kwantawa luf a ido, yana da wani sheƙi da sauran ba su da shi, kuma har la'asar yana nan daram. Na kwalba ya fi shi baƙi, amma da gumi ya keto sai ya fara gangarowa ƙasan ido, kai ka ce mutum bai yi barci ba. Namu ma har da ɗan yaji-yaji mai sa hawaye, wanda mai sayarwa ya ce mana "wanke ido" yake yi. Kireyon ya fi sauƙin zizarawa, amma na arha, wanda muka saya dala ashirin, kafin azahar ya narke ya ɓata hankici. Na jikka guda ya kai la'asar, sai dai bai kama ƙafar na dutse ba.

Da a ce kyau kaɗai ake nema, da magana ta ƙare nan. Amma ba ta ƙare ba, domin wanda ya fi kyan shi ne mai haɗarin.

Me ke cikin kwallin dutse?

Wannan dutsen mai ƙyalli, masana ma'adinai suna kiran shi galena. Shi ne dutsen da ake fitar da dalma daga cikinsa, wadda wasunmu ke ce wa darma, wato "plomb" da Faransanci. Idan tsantsarsa ne, fiye da kashi 80 cikin 100 na nauyinsa dalma ce. Nauyin nan da kike ji a hannu, da sheƙin nan da ke burge mu, duk na dalmar ne.

Ba yau aka gano haka ba. A shekarar 2011, a birnin Boston na Amurka, likitoci sun auna jinin wani jariri ɗan wata shida, ɗan iyaye ƴan asalin Najeriya, suka tarar da dalma ta yi yawa a jikinsa. Aka bincike gidan, ba a ga tushenta ba sai a kwallin da ake sa masa a ido, wanda aka kai musu daga gida. Da aka auna kwallin, kashi 82.6 cikin 100 dalma ce. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta bayyana labarin a 2012. A can Amurka doka ba ta yarda a shigar da irin wannan kwallin don sayarwa ba. Ƴan uwa da ke can, ku riƙe wannan kafin ku ce a aiko muku da shi.

Na kwalba fa? Shi ma ba a shaidar sa da ido. An sha auna irinsa a ƙasashe daban-daban a sami dalma a ciki, har da waɗanda takardarsu ba ta ambace ta ba. Da zarar an niƙa ya zama gari, ba mai iya bambance mai dalma da marar dalma sai da awo a ɗakin bincike.

Na san wasu za su ce sa kwalli sunna ne. Haka ne, kuma ba wanda ya ce a daina ado. Kwallin da hadisai suka ambata sunansa ismid, kuma malamai da dama sun fassara shi da wani dutse daban, wanda Turawa ke kira antimoni. Matsalar ita ce abin da ke yawo a kasuwa da sunan ismid sau da yawa dutsen dalma ne. Rubutun Larabci a jikin kwalba ba ya tabbatar da abin da ke cikinta.

Yadda take shiga jiki

Wata za ta ce, ai ba ci ake yi ba, a ido ake sawa. To ku duba: a kusurwar ido ta wajen hanci akwai ƴar hanya da hawaye ke bi ya sauka cikin hanci, daga nan zuwa maƙogwaro. Shi ya sa in mutum ya yi kuka majina ke zubo masa. Kwallin ma nan yake bi a haɗiye shi. Ga kuma jariri, aikinsa ke nan murza ido da kai hannu baki.

Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa. Ta kuma ce jikin ƙaramin yaro yana tsotse dalmar da ya haɗiya har ninki huɗu zuwa biyar a kan na babba. Yaron da ke fama da ƙarancin jini ko tamowa ya fi kowa tsotse ta. Inda ta fi yin ɓarna shi ne ƙwaƙwalwa, kuma a ɓoye take yi: ba zazzaɓi, ba kumburi. Sai yaro ya shiga lakwal a ga karatu na yi masa wuya, ba ya riƙe abu, a ce dakiki ne, alhali tun yana goye aka cuce shi ba da sani ba. Abin da ta lalata a ƙwaƙwalwa ba ya dawowa.

Ga mai ciki kuma, dalma tana taruwa a ƙashi shekara da shekaru, lokacin goyon ciki sai ta fito ta shiga jini ta kai ga ɗan tayi.

Mu nan ba baƙin labarinta ba ne. A 2010, a maƙwabciyarmu jihar Zamfara, yara fiye da 400 suka rasu saboda gubar dalma. Waccan daga niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje ta fito, ba daga kwalli ba, kuma yawanta ya wuce misali. Amma gubar ɗaya ce. Waccan ta zo a guje, ta kwalli tana zuwa da kaɗan-kaɗan.

Akwai kuma maganar tsinken kwalli. A gida guda, tsinke ɗaya daga idon uwa zuwa na kishiya zuwa na yara. Ta haka afolo ke zagaye gida, haka ma amodari, wanda yankunan Maraɗi da Damagaram suka daɗe suna yaƙi da shi. Ko wane irin kwalli ne, kowa ya riƙe nasa.

To wanne za a zaɓa?

Ga jariri da ƙaramin yaro, amsar ɗaya ce: kada a sa masa ko wanne. Idon jariri ba ya buƙatar kwalli don ya yi kaifi ko ya yi girma. In yana fitar da kwantsa, a kai shi likita.

Ga babba, kireyon mai cikakkiyar takarda ya fi kwanciyar hankali. A duba sunan kamfani da adireshinsa, da jerin abin da aka haɗa. In kin ga CI 77499 ko CI 77266, baƙin launi ne da aka yarda a yi kwalliya da shi. Akwai kuma ɗan hoton gwangwani buɗaɗɗe da aka rubuta 6M ko 12M a jikinsa: yawan watannin da za a yi amfani da shi ke nan bayan an buɗe. Wadda ba ta karatun boko, ta ba ɗan lakwal ya duba mata. A feƙe shi kafin a sa, a wanke ido kafin a kwanta.

Hodar fuska

Nan ma iri uku muka gwada: hodar gari mai ruwan ƙasa, hodar dunƙule mai madubi da soso, da farar hoda irin ta jarirai wadda da yawanmu ke shafawa a fuska.

Farar hodar ita ce mafi arha, tana da sanyi, tana shanye gumi nan take. Amma a baƙar fata tana barin toka-toka, kuma kafin ƙarfe goma sha ɗaya ta yi layi-layi a goshi. Hodar gari ta fi dacewa da zafinmu: ba ta da nauyi, fuska ba ta yin maiƙo har azahar, sai dai ba ta rufe tabo, kuma ba ta shiga jaka ba tare da ta zube ba. Ta dunƙule ita ke rufe tabo, ita ce ta hoto da zaman biki, amma in aka maimaita ta a kan gumi sai ta yi dabbare-dabbare kamar yaɓen da bai bushe ba. Dabarar da muka koya: a fara dangwale gumin da hankici, kada a goga, sannan a ƙara hoda kaɗan. Da hunturu kuwa akasin haka ne, fata a bushe take, sai an shafa mai kaɗan an bari ya shiga, in ba haka ba hodar ta tsattsage.

Kuskuren da muka fi gani shi ne launi. Mata da yawa suna gwadawa a bayan hannu, a cikin duhun shago, kuma su zaɓi wadda ta fi su haske. Sai a fito rana a ga fuska daban, wuya daban. A gwada a gefen muƙamuƙi, a fito waje a duba. Wadda ta ɓace a fatarki kamar ba ki shafa ba, ita ce taki.

Abubuwa biyu na kiyayewa. Na ɗaya, duk abin shafawar da aka rubuta "éclaircissant" a jikinsa, wato mai sa fari, a yi hattara da shi. An sha samun zaiba a mayuka da sabulan bilicin, ita kuma tana lalata ƙoda da jijiyoyi. Na biyu, farar hoda galibi da wani dutse mai laushi ake yin ta, talk. A watan Yulin 2024, cibiyar binciken kansa ta OMS da ke Liyon a Faransa ta sa shi cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna iya jawo kansa. Kamfanin Johnson & Johnson, ko da yake ya ce hodarsa ba ta da illa, ya daina sayar da mai talk a Amurka da Kanada a 2020, sannan a duk duniya a 2023, ya koma ta garin masara. Ko wace iri ce, kada a bulbula ta kusa da fuskar jariri, don ƙurar na shiga huhunsa. Soson hoda kuma a wanke shi da sabulu duk mako, a shanya ya bushe, kada a yi aronsa.

Amsa ga ƴar uwarmu

Ƙanwarki tana da gaskiya. Amma surukarki ba mugunta take yi ba, ƙauna ce, haka aka yi mata, haka ta yi wa mijinki. Kada ki ɗauke tandun ki ɓoye, rigima za ki jawo. Ki fara da maigidanki, ku fahimci juna. Sannan ranar awo ki ce: "Inna, don Allah ki raka ni likita, ke ma ki ji abin da za su ce kan idon jikanki." Abin da ba za ta karɓa daga bakinki ba, za ta karɓa daga bakin ungozoma. In an daɗe ana sa wa yaron, ki faɗa wa ma'aikacin lafiya ƙarara, ki tambayi inda ake awon dalma a jini. Ki kuma kula da abincinsa idan ya isa ci: wake, zogale, hanta, ƙwai, duk abin da ke ƙara jini.

Ƴan uwa na Abijan, Kwatano, Akara, Aljeriya da Turai, da alhazai masu shirin tsaraba: in za ku aiko da kayan kwalliya, ku aiko da mai takarda. Masu haɗa lefe ma haka.

A shirinmu mai zuwa za mu gayyato ma'aikaciyar lafiya ta amsa tambayoyinku kai tsaye. Ku tanadi tambayoyin, ku kuma kira iyayenmu mata su zauna kusa da rediyo. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba mu lafiya da zama lafiya.