Shirin Musamman: Kwamfuta da Auna Fahimtar Ɗalibi a Kimiyyar Sinadarai

Shirin yau ya leƙa Greensboro da ke jihar North Carolina a Amurka, birnin da ke da manyan jami'o'in gwamnati biyu, wato UNCG da North Carolina A&T, waɗanda aka kafa su duka a 1891. A irin waɗannan jami'o'i, darasin kimiyyar sinadarai na shekarar farko yakan tara ɗalibai masu yawa a zaure ɗaya, abin da ya sa malamai suka daɗe da miƙa wa kwamfuta aikin duba aikin gida. Ɗaya daga cikin manhajojin farko na wannan aiki, WebAssign, a jihar aka ƙirƙire ta, a jami'ar NC State da ke Raleigh, a ƙarshen shekarun 1990, kuma dabararta ita ce ta sauya wa kowane ɗalibi lambobin tambaya, ta yadda kwafar amsar aboki ba ta da amfani.

Sai dai samun amsa daidai daban, fahimta daban. A 1987 masu bincike Nurrenbern da Pickering suka wallafa binciken da ya nuna cewa ɗalibai da dama da ke iya warware lissafin dokokin iskar gas sukan kasa zaɓar hoton da ya dace idan aka tambaye su yadda ƙwayoyin gas ɗin suke bazuwa cikin tankin ƙarfe bayan an sanyaya shi, har wasu su ɗauka cewa ƙwayoyin sun dunƙule wuri guda, alhali kuwa suna nan cike da tankin, gudunsu ne kawai ya ragu. Alex Johnstone na jami'ar Glasgow ya bayyana tushen matsalar da cewa fannin yana da fuskoki uku: abin da ido ke gani a ɗakin gwaji, ƙwayoyin zarra da ido ba ya gani, da kuma alamomin da ake rubutawa a allo, haddar ɗalibi kuwa galibi a fuska ta uku take tsayawa.

Wasu masu ƙera manhajoji kuwa sun bi wani salo daban. ALEKS, wadda ta samo asali daga aikin Jean-Claude Falmagne a jami'ar California da ke Irvine, tana zaɓar tambaya ta gaba gwargwadon amsar da ta gabata domin gano abin da ɗalibi ya shirya koya. Melanie Cooper da abokan aikinta a Clemson kuwa sun samar da BeSocratic, wadda ke sa ɗalibi ya zana siffar sinadari ko jadawali da hannunsa, kuma wannan hanya tana tona kuskuren tunani, domin canki-canka ba ya aiki a zane.

A Najeriya, hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta tun 2015, amma tambayoyin na zaɓi ɗaya cikin huɗu ne, don haka ɗalibin Kano ko Zariya zai iya cin maki mai yawa a sinadarai ba tare da an taɓa neman ya zana ƙwayar ruwa ba.