Yaya Ake Ɗaura wa Jirgin Sama Fukafukai Idan Fili Ya Yi Kaɗan?

Akwai jiragen sama da ake sayarwa kamar yadda ake sayar da kabad ɗin da ba a haɗa ba. Kamfani zai yanka falankan alminiyam, ya lanƙwasa su, ya zuba a akwatunan katako tare da zane da littafin bayani, mai saye kuma ya haɗa abinsa a gida. Wanda ya fi suna a wannan sana'a shi ne Van's Aircraft da ke jihar Oregon ta Amurka, wanda Richard VanGrunsven ya kafa a farkon shekarun 1970. Jiragensa da mutane suka haɗa da hannunsu har suka tashi sun haura 10,000.

Kada wani ya ce wannan labarin Turawa ne kawai. Ɗaya daga cikin jiragen kamfanin, mai suna RV-6A, shi ne aka riƙa haɗawa a Kaduna tun daga ƙarshen shekarun 1980, aka yi masa 'yan gyare-gyare, aka raɗa masa suna Air Beetle. Sojojin saman Najeriya sun karɓi guda 60 don koyar da sababbin matuƙa. A Kano kuma, a 2007, wani ɗalibin Jami'ar Bayero mai suna Mubarak Muhammad Abdullahi ya ƙera jirgi mai saukar ungulu da injin mota Honda Civic da kujerun Toyota, ya ɗaga daga ƙasa kamar mita 2. Nasa ƙoƙarin ya fi burge mutane domin daga tarkace ya haɗa, amma a ganinmu na Kaduna ya fi koyar da darasi, saboda a can komai da awo aka yi shi. To mu ɗauki RV-6A ɗin, mu kawo shi nan Abijan a cikin tunani, mu ga inda matsala za ta fara.

Matsalar farko fili ce. Tsawon jirgin daga hanci zuwa wutsiya kamar mita 6 ne, daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike kuma mita 7. Wanda ya san gidajen haya na Adjamé, inda ƙofofi goma ke kallon tsakar gida ɗaya, ga igiyar shanya ga murhu ga buta, ya san mita 7 ba wasa ba ce. Ko a Treichville da titunanta suke miƙe da lambobinsu, shagon da ya kai wannan faɗi kuɗin hayarsa sai ɗan kasuwa. Sa'ar da aka yi, yawancin aikin ba ya son fili. Wutsiya daban ake haɗa ta, kowane fiffike daban, gangar jiki daban, kuma faɗin gangar jikin bai fi mita 1 da ɗan kai ba. Mutane da yawa a garejin mota ɗaya suke shekaru suna buga ribit, in sun gama fiffike su jingine shi a kan wani abin ɗori mai taya a gefen bango. Sai ranar da za a gwada fukafukai a jiki ne ɗaki yake ƙarewa.

Kafin mu je can, mu san abin da ke cikin fiffike. Akwai babban ƙashi da ya bi tsawonsa, kamar azarar da ke ɗauke da rufin soro. A kansa aka jera haƙarƙari, aka lulluɓe da falanki. Can baya akwai ƙaramin ƙashi. Babban shi ke ɗaukar nauyin jirgi a sama. A RV-6A gindinsa yana zarcewa ya shige cikin gangar jiki, na dama da na hagu su haɗu a tsakiya ƙarƙashin mazaunin matuƙi, a ɗaure su da faranta na ƙarfe da ƙusoshi masu noti, waɗanda makanikanmu ke kira bulon. Ramukan wannan babban ƙashi daga kamfani suke zuwa a huje, ba ruwan mai haɗawa. Ƙaramin ƙashin baya kuwa, rami ɗaya tak yake da shi a kowane gefe, kuma mai haɗawa ne zai huda shi da hannunsa. Duk wahalar da za mu faɗa a ƙasa, saboda ramukan nan biyu ake shan ta.

Da farko a daidaita gangar jiki, gaba da baya, dama da hagu, da ma'aunin ruwa irin na magina, a tokare ta yadda ba za ta motsa ba. Kada a dogara da daɓe, domin tsakar gidajenmu da gangan ake karkata su zuwa kwata. Sai mutum uku ko huɗu su ɗauki fiffike su zura gindinsa a hankali, a sa ƙusoshin wucin gadi. Na ainihin ba a taɓa su yanzu, domin matse suke ƙwarai a raminsu, sa su da cire su yana cinye ramin.

Daga nan awo uku ne. Na farko, kada fiffike ya yi gaba ko baya. Ana rataye zare huɗu masu dalma a ƙasa daga goshin fukafukan, biyu a dama biyu a hagu, a ja wani zare a ƙasa daga wannan baki zuwa wancan. Dole dalma huɗun su sauka a kan layi ɗaya. In iska tana kaɗa su, a tsoma kowace a gwangwanin ruwa ta natsu, yara kuma a ba su haƙuri su koma gefe. Na biyu, a auna daga bakin fiffiken dama zuwa wani ɗigo a tsakiyar wutsiya, a auna na hagu zuwa ɗigon nan, su zo daidai.

Na uku shi ne mai wuyar, wato yadda goshin fiffike ya ɗaga sama kaɗan. Ku tuna in mutum ya fitar da tafin hannunsa ta tagar gbaka tana gudu a kan gadar De Gaulle: ya ɗan karkata tafin sama, iska ta ɗaga hannun, ya ƙara karkatawa, ta ƙara ɗagawa. Haka fiffike yake. In na dama ya fi na hagu ɗagowa, zai fi shi samun ɗauki, jirgin ya riƙa kwantawa hagu, matuƙi kuma ya yi ta danne sanda har ya sauka. Kuma bambancin da ake magana ƙanƙane ne, domin digiri 1 a kan tsawon mita 1 kusan milimita 17 ne kawai, masu haɗawa kuwa wani ɗan yanki na digiri suke bi. Ana ɗora ma'aunin ruwa a bayan fiffike tare da ɗan katakon da littafin ya faɗi kaurinsa, a ɗaga ko a sauke ƙashin baya har ƙwayar ruwan ta tsaya tsakiya, sannan a danne da matsi.

Ko da awo ukun sun yi kyau, saura sharaɗi ɗaya. Ƙa'idar masu aikin jirgi ita ce daga tsakiyar rami zuwa bakin ƙarfe a bar ninki biyu na kaurin ƙusar. Ƙusar nan kaurinta kusan milimita 8 ne, ke nan sai an bar kusan milimita 16 ta kowane ɓangare, a jikin ƙashin fiffike da kuma a jikin ƙarfen gangar jiki da ya rungume shi. In ramin ya matso baki, ƙarfen da ya rage zai iya yagewa wata rana a sama, inda babu gefen titi da za a tsaya a kira makanike. In an ɓata, ba a toshewa da walda irin ta garejin unguwa. Sai a cire ribit, a sayo sabon ƙarfe daga Amurka, a jira jirgin ruwa. Shi ya sa ake fara hudawa da siririn baki, a duba, a ƙara girma kaɗan-kaɗan. Wasu sukan kwana biyu suna awo kafin su taɓa injin huji, mu dai ba mu ga laifinsu ba.

To wanda ba shi da mita 7 fa? Wasu suna sa fiffike ɗaya, su auna, su huda, su cire, su juya jirgin su sa ɗayan. Ana yi, amma an rasa zaren nan da ke haɗa fukafukan biyu a layi ɗaya, sai a dogara da alamomin da aka zana a ƙasa, kuma motsi kaɗan ya ɓata lissafi. Ga shi ko fiffike ɗayan yana son kusan mita 5, saboda sai an ja shi baya kafin gindinsa ya shiga. Wasu suna buɗe ƙofar gareji su bar fiffike ɗaya ya leƙa waje. Abin da ya fi mana kama da hankali shi ne a tura jirgin zuwa fili na kwana ɗaya ko biyu, ko farfajiyar makaranta lokacin hutu, ko wani sito da babu kaya, a gama awo da huji, a cire fukafukan a koma gida. A nan garin sai a kauce wa watan Yuni da ruwansa, a kuma shafa wa ƙarfen maganin tsatsa tun da wuri, domin iskar teku da ta tabkin Ébrié ba ta barin ko alminiyam.

Malaman tarihi sun kawo labarin Abbas ibn Firnas na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 887, cewa ya ɗaura wa kansa fukafukai ya tashi, amma ya ji ciwo a baya wajen sauka saboda bai yi wutsiya ba. Ita ma wutsiyar jirgi da irin wannan awo ake kafa ta, sai dai ita ɗaki yana ɗaukarta.

Ɗaurin ƙarshe a filin jirgi ake yin sa. Babu yadda za a bi da abu mai faɗin mita 7 ta kasuwar Adjamé, don haka gangar jiki a kan babbar mota za ta tafi Port-Bouët, fukafukai a kwance a gefenta cikin katifu. A can ne ake sa ƙusoshin ainihi. Wasu masu haɗawa sukan kwantar da su a firiza tukuna don su ɗan tsuke, a shafa musu mai, a tura, a ɗaure kowane noti da sifana mai auna ƙarfin ɗauri. Sai a haɗa bututun mai, tunda tankunan a cikin fukafukan suke, da sandunan da ke motsa ƙananan faifan bayan fiffike. Bayan haka ma ba a tashi sai hukuma ta duba. A Amurka sukan sa sabon jirgi ya yi awa 25 zuwa 40 yana shawagin gwaji a wani yanki da aka keɓe kafin ya ɗauki fasinja. A nan Kodebuwa izinin yana hannun hukumar jiragen farar hula, ANAC.