Idan aka toshe duk kafofin gida, ta ina iska za ta shiga?

A Birtaniya, kuɗin ɗumama gida lokacin hunturu ba ƙaramin nauyi ba ne a kan magidanci. Yawancin gidajen ƙasar tsofaffi ne, ɗumi na zurarewa ta bango da rufi da gefen tagogi. Shi ya sa ake yi musu kwaskwarima: a lulluɓe bango da kayan da ke riƙe ɗumi, a sa tagogi masu gilashi biyu, a toshe duk wata kafa. Kuɗin makamashi ya ragu, gida ya yi ɗumi. To, ina matsalar?

Ka ga kafofin nan da ake toshewa, ta nan ne tsohon gida yake samun sabuwar iska ba tare da kowa ya tsara ba. Da zarar an rufe su, duk abin da mutanen gida suka fitar sai ya tsaya a ciki.

Na farko shi ne danshi. Numfashi da girki da wanka da shanya a cikin ɗaki suna zuba litoci da dama na ruwa a cikin iska kowace rana. Idan wannan iskar ta taɓa wuri mai sanyi, kamar kusurwar bangon da ba a lulluɓe da kyau ba, sai ta zama raɓa, kamar yadda kwalbar ruwan sanyi take yin gumi. Daga nan sai funfuna, wadda ke tayar da asma da sauran cututtukan numfashi. An fi so laimar ɗaki ta tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari.

Na biyu, iskar kabon dayoksaid da muke fitarwa. A waje tana kusan kashi 420 cikin miliyan. A ɗaki kuwa, idan ta haura 1,000, alama ce sabuwar iska ba ta wadatar, kuma ɗakin kwanan da aka kulle da mutum biyu a ciki yakan wuce haka kafin asuba. Ga kuma tururin fenti da gam da hayaƙin murhun gas.

Wannan ba hasashe ba ne. A watan Oktoban 2025, ofishin binciken kuɗin gwamnatin Birtaniya ya bayyana cewa kashi 98 cikin ɗari na gidajen da aka lulluɓe bangonsu ta waje a ƙarƙashin shirin ECO4 da wani shiri makamancinsa suna buƙatar gyara, domin aikin da aka yi zai iya jawo danshi da funfuna.

Ke nan kwaskwarimar ba ta da amfani? A'a. Tsarin gini na Passivhaus, wanda aka fara a birnin Darmstadt na Jamus a 1991, ya fi kowane toshe kafofi, amma yana zuwa da na'urar da ke zuƙe gurɓatacciyar iska daga kicin da banɗaki, ta shigo da sabuwa. Iskokin biyu suna giftawa a cikin na'urar ba tare da sun gauraya ba, mai fita ta bar wa mai shigowa aƙalla kashi 75 cikin ɗari na ɗuminta.

Kai ma da ke Kano ko Yamai abin ya shafe ka. Na'urar sanyaya ɗaki ta bango, wadda muka saba da ita, iskar ɗakin kawai take juyawa, ba ta kawo sabuwa. Idan ka kulle ɗaki ruf don sanyi ya zauna, ka riƙa buɗe taga na ɗan lokaci safe da yamma. Gawayi kuwa, kada ka kwana da shi a rufaffen ɗaki komai tsananin hunturu, domin iskar kabon monoksaid da yake fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa.