Zarton bel na yankan ƙarfe

Zarton bel na yankan ƙarfe inji ne da ke yanka ƙarfe da wani siririn zarto mai haƙora wanda aka haɗe bakinsa biyu ya zama zobe, kamar bel ɗin injin niƙa. Zarton yana zagaya wili biyu, injin lantarki kuma yana juya ɗaya daga cikinsu. Ƙaramin nau'insa, wanda ake ɗorawa a kan teburin aiki, shi ne masu walda da masu ƙaramin shago a gida suka fi buƙata wajen yankan rodi, bututu da ƙarfen angul. Ya bambanta da injin yanka mai faifai ta wajen cewa ba ya zubar da tartsatsi, ba ya ƙona bakin ƙarfe, kuma yankansa yana fita a miƙe.

Tarihi

A shekarar 1809 wani Bature ɗan Ingila, William Newberry, ya yi rajistar fasahar zarton bel, amma ba ta yaɗu ba saboda mahaɗar zarton tana yawan tsinkewa. A 1846 wata mata 'yar Faransa, Anne Paulin Crepin, ta samo hanyar liƙe mahaɗar ta yi ƙarko, daga nan injin ya shiga masana'antun katako. A 1933 Leighton Wilkie na kamfanin DoALL a Amurka ya fito da wanda aka ƙera musamman don ƙarfe.

Nau'o'i

Ƙananan zartunan bel iri uku ne. Akwai na kwance, wanda ake matse ƙarfe a cikinsa sannan a sauko da zarton a kai. Shi ya fi dacewa da gutsura rodi da bututu daidai awo. Akwai na tsaye, wanda mai aiki ke tura ƙarfen da hannunsa a kan faranti, kuma ana iya yin lanƙwasa da shi. Na uku shi ne na hannu, wanda ake ɗauka zuwa wurin aiki, wasu kuma suna zuwa da gindin da ake ɗaure su a kai su koma na tebur.

Gudun zarto

Wannan shi ne abu na farko da mai saye zai duba. Zarton bel na katako yana gudun kimanin mita 900 a minti ɗaya, na ƙarfe kuwa yawanci tsakanin mita 20 ne zuwa 80. Idan aka sa ƙarfe a injin katako, haƙoran za su yi zafi su dakushe cikin ɗan lokaci, ko da an canza zarton. Tunda injinan biyu sun yi kama a ido, ana duba alkaluman gudu da aka rubuta a jikin injin. Wanda ake iya rage wa gudu ko a ƙara ya fi amfani, domin ƙarfen da ba ya tsatsa yana son gudu kaɗan, sanholo da tagulla kuwa suna jure gudu mai yawa.

Haƙora

Ana ƙidaya haƙoran zarto ne a kan kowane inci. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce aƙalla haƙora uku su kasance cikin ƙarfen a lokaci guda. Zarto mai haƙora 14 a inci yana da tazarar kusan milimita 1.8 tsakanin haƙori da haƙori, don haka ya dace da ƙarfe mai kaurin milimita 5 zuwa sama. Siririn bututu irin na ƙofa da taga yana buƙatar mai haƙora 18 ko 24. Manyan haƙora a kan siririn ƙarfe suna kakkaryewa, ƙanana kuma a kan ƙarfe mai kauri suna toshewa da ɓarɓashi.

Zarton da aka yi da ƙarfe iri biyu, wato haƙora masu tauri a jikin baya mai lanƙwasuwa, ya fi tsada amma ya fi daɗewa nesa. Sabon zarto ana fara aiki da shi a hankali, ba a danna shi da ƙarfi a yankan farko.

Girma da ƙarko

Yawancin na tebur suna yanka bututu mai faɗin milimita 85 zuwa 125, kuma awon yana raguwa idan aka karkata zarton zuwa digiri 45. Ana gwada mamatsin da ke riƙe ƙarfe a ga ko yana girgiza, a duba boris ɗin da ke tallafe zarton a gefe da gefe. Idan waɗannan sun yi sako-sako, yanka zai riƙa karkacewa komai ƙarfin injin.

Amfani da shi a Sakkwato

Birnin Sakkwato yana da daɗaɗɗen tarihin sarrafa ƙarfe, musamman a unguwar Maƙera Assada, ga kuma masu walda da ke ƙera ƙofofi, tagogi da gadaje a unguwanni da dama. Ana kuma koyar da aikin ƙarfe a kwalejojin fasaha irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi. Abubuwa huɗu ne suka fi shafar mai sayen injin a wannan yanki.

Na farko wutar lantarki. Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120, don haka injin kwance da aka shigo da shi daga can zai ƙone idan aka jona shi ba tare da na'urar rage wuta ba. Wanda ya dogara da janareto kuma ya san cewa injin lantarki yana jan wuta ninkin-ba-ninkin a lokacin tayarwa, saboda haka janareton ya kamata ya fi abin da aka rubuta a jikin zarton ƙarfi sosai.

Na biyu samun zarton canji. Kowane inji yana da tsawon zartonsa, kuma wani ba ya shiga wani. Tsawon milimita 1,140 na injinan hannu da 1,638 na matsakaitan na kwance suna cikin waɗanda suka fi yawa a kasuwannin duniya. Kafin a biya kuɗi ana tabbatar da cewa akwai mai sayar da irinsa a gari, ko mai kawo shi daga Kano ko Legas. Injin da aka rasa zartonsa ya zama kayan jibgi.

Na uku yanayi. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yakan wuce digiri 40, ƙananan injina kuma suna saurin ɗaukar zafi, don haka ana ba su hutu tsakanin yanka da yanka. A lokacin hunturu ƙura tana shiga boris da ramukan shan iska, sai a riƙa rufe injin bayan aiki.

Na huɗu irin ƙarfen. Maƙera suna yawan amfani da tsofaffin ƙarafan mota, kamar sifirin da aksul. Waɗannan an taurara su da wuta, kuma suna iya kashe sabon zarto a yanka ɗaya, sai dai a fara gasa su a bari su huce a hankali har su yi laushi.

Kariya

Zarton bel ba shi da ƙara sosai, abin da kan sa a raina haɗarinsa, alhali yana iya datse yatsa. Ana sa tabarau na kariya, a naɗe hannun riga, ba a kuma aiki da babbar riga ko rawani mai lilo. Ba a sa safar hannu yayin da zarton ke juyawa, domin haƙora na iya fizgarta. Ana cire filogi kafin canza zarto, haka nan idan an ɗauke wuta ana kashe makunnin nan take don kada injin ya tashi da kansa idan ta dawo. A shagon da ke cikin gida, ana ajiye shi inda yara ba za su kai gare shi ba.