Kirkissoye: Tsohuwar Fijo A Tsakar Gida, Tsakanin Sifana Da Sikelin 'Yan Gwangwan

A unguwannin bakin kogi na birnin Yamai, irin su Kirkissoye, tsohuwar motar da aka jingine a tsakar gida ba ta da dogon lokacin jira. Ko dai mai ita ya ɗaure ya tashe ta, ko ruwa da tsatsa su gama da ita, ko kuma 'yan gwangwan su zo da sikeli su saye ta a matsayin ƙarfe. Sau da yawa Peugeot ce, 404 ko 504, wadda Bahaushe ya sani da Fijo: tayoyi sun sace, an ɗora ta a kan bulo, kaji sun mayar da ƙarƙashinta makwanci. Idan kuma gado ce ta mahaifi, sayar da ita na da nauyi a zuciya, gyaranta kuma na da nauyi a aljihu.

Kirkissoye tana gunduma ta biyar ta Yamai, a tsallaken Kogin Neja, yankin da Zabarmawa ke kira Harobanda, wato bayan ruwa. Unguwa ce mai kwari da fadamun shinkafa, kuma tana cikin waɗanda ambaliyar 2012 da ta 2020 suka shafa. A Satumban 2020 ruwan kogin ya kai kimanin mita 7 a ma'aunin Yamai, ya malale gidaje a wannan ɓangare. Motar da ke tafiya ana iya gudu da ita zuwa tudu. Wadda ke kan bulo kuwa, inda take nan ruwa zai same ta.

Motar da ta ƙetare kogi a kwance

Kwance mota da sake haɗa ta da hannu ba baƙon abu ba ne a bakin wannan kogi, har fim an yi a kansa. A 1974 Bafaranshen nan Jean Rouch da abokansa 'yan Nijar uku, Damouré Zika da Lam Ibrahim Dia da Tallou Mouzourane, suka fitar da fim mai suna Cocorico Monsieur Poulet. Labarin wani ɗan kasuwa ne da ke fita ƙauyuka sayen kaji don ya kawo Yamai, cikin wata tsohuwar Citroën 2CV da suka raɗa wa suna Patience, wato Haƙuri. Motar ba ta da cikakkun takardu, don haka bin Gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, bai yiwu ba. Sai suka kwance ta a bakin ruwa, suka ƙetare da ita, suka sake ɗaure ta a ɗaya gaɓar.

Abin dariya ne a fim, amma ƙirar motar ce ta ba da damar haka. Ita 2CV, wadda aka ƙera daga 1948 zuwa 1990, silinda biyu gare ta, iska ke sanyaya injinta, ba ta da lagireto, kuma noti ne ya riƙe bodinta a kan shasi. Mutum uku da 'yan sifanu sun isa su raba ta gunduwa-gunduwa. Wannan sauƙin ƙira shi ne jarin duk mai son gyara tsohuwar mota a gida.

Yadda Fijo ta cika Nijar

Peugeot ta fitar da 404 a 1960, sannan 504 a 1968, wadda aka zaɓa motar shekara a Turai a 1969. Ta hanyoyi biyu 504 ta yawaita a Nijar. Ta farko ita ce Sahara: a shekarun 1970 da 1980 matasan Turai sukan sayi tsofaffin Fijo, su ratso Aljeriya ta Tamanrasset zuwa Arlit da Agadez, su sayar, su koma gida a jirgi. Ta biyu ita ce Kaduna, inda kamfanin PAN ya fara haɗa motocin Peugeot a 1975, ya kuma ci gaba da haɗa 504 har tsakiyar shekarun 2000, fiye da shekara 20 bayan Faransa ta daina ƙera salun ɗinta a 1983.

Wannan tarihi ne ya sa har yanzu ake samun kayanta. Mai nema a Yamai yakan fara da 'yan tsofaffin ƙarafa da kasuwar Katako. Abin da ya gagara sai a yi sautu zuwa Maraɗi, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna. A nan ma akwai tarko, domin makaniken Yamai da Faransanci ya koyi sunayen kaya, ɗan kasuwar Kano kuma da Ingilishi: abin da wannan ke kira buji, wancan fulogi ya sani. Shi ya sa ya fi a aika da tsohon kayan, ko hotonsa da lambar da ke jikinsa. Rufe iyakoki bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya ƙara wa masu sautu wahala, kafin Najeriya ta sake buɗe nata ɓangaren a Maris na 2024.

Da me ake farawa

Kuskuren da ya fi tsada shi ne ɗaura baturi a murɗa makulli don a ji ko za ta tashi. Idan ruwa ya shiga silinda, fistin ba zai iya matse shi kamar iska ba, sandar da ke riƙe da shi ce za ta lanƙwashe. Tsarin da ya dace shi ne a cire fulogi, a zuba ɗan mai a kowane rami, a bar shi ya kwana biyu, sannan a juya injin da sifana a hankali. A duba baƙin mai: idan ya koma fari-fari kamar kunu, ruwa ya gauraya da shi. A zubar, a wanke tanki da kafireto, domin fetur ɗin da ya daɗe yakan zama danƙo ya toshe hanyoyi.

Kafin a kashe ko dala a kan inji, sai an shiga ƙarƙashin motar. Salun ɗin 504 ba ta da shasi daban, bodin ne ke ɗauke da nauyin komai. Idan tsatsa ta cinye daɓe da gindin ƙofofi da inda ƙafafu suka kama, to aikin mai walda ne babba, kuma shi ne zai nuna ko motar ta cancanci wahala. Laka da ambaliya ta bari a lunguna tana riƙe danshi, ta ci ƙarfe daga ciki alhali fenti na ƙyalli a waje. Kuma ba a shiga ƙarƙashin mota da jak kaɗai ya tallafe. Sai an sa mata madogara mai ƙarfi.

Injin fetur na 504 yana da wata fa'ida: hannun rigar silindarsa ana zare su a sa sababbi tare da fistin da ringi, ba sai an kai bulok an rarake ba. Rauninsa zafi ne. Kan injin na alminiyum ne, idan ya yi zafi fiye da kima sai ya karkace, gasket ya ƙone. A garin da zafin Afrilu ke wuce digiri 40, wanke lagireto da sauya tiyo ba kwalliya ba ne. Birki ma haka: manta yana shan danshi, robobinsa suna bushewa, don haka a sabunta su kafin motar ta taka titi. Fenti da kujeru su ne na ƙarshe, ko da yake su ne ido ya fi so.

Riba ko asara

A Turai, motar da ta kai shekara 30 tana iya shiga sahun motocin tarihi, kuma Peugeot na da gidan adana tsofaffin motocinta a Sochaux tun 1988. A Yamai lissafin daban ne. Fijo na shan mai fiye da ƙananan motocin Japan da suka cika titi, kuma ba a cika mayar da kuɗin gyara ba idan aka tashi sayarwa. Akwai kuma matsalar da ta hana Patience hawa gada: takardu. Motar gado da katinta ke ɗauke da sunan marigayi sai magada sun daidaita, an sauya suna, an yi inshora da binciken lafiyar mota, kafin ta fita.

Abin da ke ƙarewa da sauri fiye da kayan gyara shi ne masu sanin aikin. Makanikan da suka iya saita kafireto da kunne suna tsufa, yaran gareji kuma sun koma koyon motocin da kwamfuta ke gano ciwonsu. Kowace Fijo da aka auna a sikeli tana tafiya da ƙofofi da gilasai da fitilun da wata ke jira.

Ga mai irin wannan mota a Kirkissoye, shawarar farko ba ta buƙatar kuɗi mai yawa. Kogi kan cika a Agusta da Satumba. Kafin lokacin, a hura tayoyi, a sauke ta daga bulo, a nemi matasa su tura ta zuwa tudu. Sauran aikin zai iya jiran rani.